Jifan da Inna Ta Gano a Dantsena

Matso kusa, 'yar'uwa, ki kawo kunnenki. Maganar ta mata ce, kuma mutumin da zan yi gulmarsa yana nan da ransa, ga shi can tsakar gida yana fama da rediyo.

Shekarun baya ne, muna zaune a Lugbe, can ciki inda kwalta ta ƙare, a gidan wata tsohuwa 'yar Gbagyi da kowa ke kira Mama. Wurin gonarsu ce tun asali, gari ya zo ya same su, sai ta yanki gaba ta gina ɗakunan haya, ta bar baya tana shuka doya da barkono. Maigidana direba ne a gidan wani oga a Maitama. Ya fita Litinin da sassafe, ba na sake ganinsa sai Asabar da yamma. Ni kuwa Allah ya yi ni mai son ɗakina. Ko biki aka gayyace ni, tun ana ɗaura ɗankwali nake tunanin dawowa. Sana'ata ma a ƙofar ɗaki take: in dafa zoɓo, in ƙulla a leda, in jera a firji, 'yan acaɓa da 'yan makaranta su zo su saya.

Yara huɗu gare mu, a jere kamar matakala. Haihuwar ta huɗun ta kusa tafiya da ni, na zubar da jini har sai da aka yi min ƙari. Da na warware muka zauna da maigidan muka yi shawara, ya kai ni asibiti aka sa min abin tazarar haihuwa a dantsen hagu, ɗan siririn nan da mata ke ce wa ashana. Nas ɗin ta gaya min tun a ranar cewa al'ada za ta iya rikicewa, kada in tsorata. Ta kuwa rikice. Baƙon da ke zuwa sau ɗaya a wata ya koma sau biyu, wani lokacin ma ya yi sallama ya tafi, sai ga shi ya dawo kamar ya manta takalmi. Ba ciwo, ba jiri, fitina ce dai kawai. Muka yi alkawari da maigidan ba wanda zai ji, musamman mahaifiyarsa, Inna, wadda da jika ya fara rarrafe take fara leƙen cikin uwarsa.

Ana haka sai ga Inna daga ƙauyensu na ƙasar Katsina, ta zo ganin jikoki. Ita Inna ba ta tambaya, buta take kallo. Ta ga na ajiye buta, ta ga na yi wanka na ɗauka, ba a daɗe ba ta ga na sake ajiyewa. Ran nan bayan azahar ta shafa addu'a ta juyo.

"Ke ɗiyar nan, ba kwanan nan kika yi tsarki ba?"

"Eh, Inna."

"To mi ya hana ki salla?"

"Ya dawo ne, Inna."

"A wata guda? Shi ba ya da gidan kowa sai naki?"

Na sunkuyar da kai. Ta ja carbi kaɗan, sannan ta yanke hukunci: in har abin bai tsaya ba kafin ta tashi tafiya, ƙafarta ƙafata, sai ƙauye, a yi min magani na gaske, ko da zai kai mu girbi. Na taɓa zaman ƙauyen nan na wankan jego, na san ɗakin da za a sa ni, na san akuyar da ke kwana a bakin ƙofarsa. In bar firjina da masu sayen zoɓona, in bar manyan yara biyu da ke makaranta a hannun wa? Ga shi kuma ba halin in buɗe baki in ce na san dalili.

Inna ta fara bincike. A wurinta ciwon zafi ne. Ta ce jinin mace kamar kunu yake a tukunya, in wuta ta yi masa yawa dole ya tafaso ya zubo. Wuni nake tsugune gaban gawayi, zafin yana shiga ta mara. Ta ɗora da tsami: tsamiya da lemon tsami suna tsinka jini ya koma ruwa, yaji kuma ya kora shi waje. Da ta leƙa tukunyar zoɓona kuwa sai ta ja da baya tana salati.

"Ga shi nan ma! Ja ai ja yake kira. Kina dafa shi, kina shaƙar tururinsa, kina ɗanɗanawa. In bai zo sau biyu ba ma ya yi miki kara."

A take ta kife min tukunya.

Mama na bakin ƙofarta tana ɓare gyaɗa, duk ta ji. Ita Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, duk wanda ya zo bakinta shi take sakawa, amma ba a taɓa kasa gane ta ba.

"Inna, ba zoɓo ba ne. Kaya ne shi ɗauka a kai. Kullum ina faɗa masa."

Kin san matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Mama ta ce kai na tunani ne, ba jaki ba ne. In mace ta ɗora jarkar ruwa a ka tun daga bohol, nauyin yana bin ƙashin baya ya sauka a mara ya matse ta, yadda ake matse jiƙaƙƙen zane. Daka ma haka, kowace taɓarya da ta sauka sai ta girgiza mahaifa.

Inna ta ce, "Haba baiwar Allah. Ni da na tashi da tulu a kai tun ban yi haƙoran girma ba, na haifi tara lafiya lau?"

Mama ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Shi ya sa wuyanki ya shige ciki."

Na faɗa ɗaki da gudu na cusa fuska a filo kada su ji dariyata. Abin mamaki, daga ranar suka ƙulle, kullum da yamma suna kan tabarma ɗaya suna gardama a kan marata kamar gonar gado.

Da gardamar ta ƙi ƙarewa Inna ta ja ni kasuwar Gudu wurin wani mai magani, Bazazzagi, yana zaune tsakiyar buhunan sassaƙe da saiwoyi. Shi nasa dalilan sun fi na kowa yawa. Ya ce ko sanyi ne ya yi min sheƙa a mara. Ya tambaya ko ina zubar da ruwan zafi a makwarara ba bisimilla, don akwai masu zama a wurin da ba a gani, in an ƙona musu 'ya'ya a jinin mace suke ramawa. Ko na tsallake wani ƙulli a mararraba? Ina nake yar da ƙunzugu, kada wani ya tsinta ya yi aiki da shi? Can ya rage murya, ya kau da kai.

"Hajiya, a yi haƙuri, kina mafarkin wani namiji yana zuwar miki?"

Na ce, "Malam, ni da ke kwana da yara huɗu, ko barcin ma a mafarki nake ganinsa."

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Muka dawo da ƙullin sassaƙe na sha, da bagaruwa ta zama a ciki, da garin hayaƙi. Bagaruwar na zauna, hayaƙin na tsuguna, don a gaban Inna ake yi. Na shan kuwa, nas ta riga ta ja min kunne kada in haɗa da abin da ban sani ba, saboda haka in na ce zan sha a bayan gida don kada in yi amai a gaban mutane, gindin barkonon Mama nake juye shi. Barkonon nan bai taɓa yin 'ya'ya irin na shekarar ba.

To a nan ne shaiɗan ya raɗa min wata dabara. Na lura kowane dalili da aka kawo yana tafe da abin da za a hana ni, kuma ba duka hanin ne ke da ɗaci ba. Sai na zama ɗaliba mai biyayya. In Inna ta ce zafin gawayi, in ce wallahi Inna ina jin sa har ƙashina. In Mama ta ce jarka, in dafe ƙugu. A hankali Inna ta yarda cewa ko da maganar Mama ba ita ce uwar ciwon ba, to 'yar ɗakinsa ce.

Ranar Asabar maigidan ya dawo, ko takalmi bai cire ba Inna ta tsare shi. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai wancan, zo nan. Kana can kana jan motar mutane, matarka na nan tana tsiyayewa. Daga yau ba ita ba gawayi, ka sawo mata irin murhun nan na tukunyar ƙarfe. Ba ita ba ɗaukar ruwa, ga masu kura nan suna wucewa. Daka kuma a kai inji."

Ya juyo ya dube ni. Na langaɓar da kai na yi ɗan nishi.

Da muka shiga ɗaki ya turo ƙofa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke, tsakaninki da Allah, kin san dai ba gawayi ba ne."

Na ce, "Na sani mana, Baban yara. Ga Inna can, je ka faɗa mata ko mene ne."

Ya tsaya yana kallon silin. Washegari sai ga shi da tukunyar gas a bayan acaɓa. Tun ina goyon na biyu nake roƙon gas ɗin nan ana ce min sai an ga hali.

Na sha daɗina, ba zan ɓoye miki ba. Ruwa ya zo har ƙofa, girki ba hayaƙi, hannuna ya yi laushi. Sai dai na manta abu guda: baƙon nawa bai san an yi sulhu ba. Ana cikin haka ya sake ƙwanƙwasa ƙofa, Inna kuwa idonta na kan buta.

Ta ce saura abu ɗaya ta gwada. Bayan na tsuguna hayaƙi da hantsi, ta zaunar da ni ta kwaɓa wani gari da man kaɗanya, ta ce za ta mulke ni da hannunta. Ta bi baya, ta bi kafaɗu, tana yi tana faɗan matan zamani da ba su san ciwon kansu ba. Ta gangaro dantsen hagu. Sai na ji babban yatsanta ya tsaya. Ya koma baya. Ya danna. Ɗan abin nan ya motsa ƙarƙashin fata.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jifa!"

"Inna, mene ne?"

"Jifa ne, ɗiyar nan, an jefe ki! Ga shi nan kwance kamar tsinke. Ga ma ƙofar da ya shiga." Ta nuna ɗan tabon da allurar ta bari.

Ta ce maƙiyi daga nesa yake aiko allura ko ƙaya, ta shige jikin mutum yana barci, ta zauna tana kore masa jini har ya bushe a tsaye. Ashe zoɓo ba shi da laifi, gawayi ba shi da laifi. Ta rungume ni tana hawaye tana cewa wa na tare wa hanya a garin nan, ni da ko ƙofar gida ba na fita. Akwai wanzami a ƙauyensu, in ji ta, da aska da ƙaho yake fitar da irin wannan a gaban idon kowa. Litinin za mu kama hanya.

Nan dariya ta ƙare min. Na hango askar wanzami a dantsena, na hango an ɗaga ashanar sama ana kabbara, na hango ciki na biyar da gadon asibitin da na kusa barin raina a kai. Ga kuma hawayen tsohuwar nan, na gaske ne, saboda ni take yin su.

Asabar ta zagayo, maigidan ya shigo da ledar burodi. Inna ta kamo hannuna ta miƙa masa.

"Taɓa nan ka ji abin da aka yi wa iyalinka."

Mutumin nan, wanda shi ya zauna a bencin asibiti riƙe da jaririya ranar da aka sa abin, ya sa yatsa ya taɓa, ya zaro ido, ya ce, "Subhanallahi! Wa ya yi mana wannan aiki?"

Ban san lokacin da na take masa ƙafa ba. A ɗaki na ce ya je ya faɗa mata gaskiya. Ya ce zai faɗa, a bari dai ta huce, gobe da safe. Da safen ya tuna wani abokinsa ba shi da lafiya a Gudu, ya sa hula ya fice. Kafin la'asar Inna ta gama cusa kayana da nata a jakar bakko ɗaya, ta ɗaure da igiya.

Na zagaya bayan gida, Mama na tsinkar barkono. Ban ce mata komai ba, hannuna kawai na miƙa. Ta goge yatsu a zane ta lalubi wurin. Ta dube ni. Sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan kunyar doya.

"Wannan ne jifan? Matan ɗana yana da shi. Yarana biyu suna da shi. Rabin layin nan an jefe su!"

Na ce, "Mama, ki rufa min asiri, gobe za a tafi da ni."

Ta share hawayen dariya ta ce in je in ɗora tuwo.

Bayan magariba maigidan ya lallaɓo ya dawo, yana zaune a tabarma yana cin tuwo da miyar kuka, yara na gefe a jere, Inna na kan darduma. Mama ta yi sallama ta jawo kujera 'yar tsugunno.

"Inna, na ji za ki tafi da yarinya. Ni ba na hana. Amma ƙasan nan namu ne, kakana a nan aka binne shi, na san jifan wurin nan. Ba a ƙetare ruwa da shi. Wanzami kuma ba ya iya shi, zai yanka yarinya a banza. Inda aka sa, nan ake cirewa."

Inna ta gyara zama. Duk gardamarta, tana girmama masu ƙasa a kan abin ƙasarsu.

"To a zuba ido ya kashe ta?"

"Ba ya kashewa. Jifa iri biyu ne. Akwai na maƙiyi, akwai na tsare mutum. Wannan na tsarewa ne. Jinin da kike gani, yana gyara wurin zama ne, zai daina."

"Ikon Allah. Wa zai jefi mutum don ya tsare shi?"

Mama ta ɗauki ƙwayar gyaɗa ta jefa a baki.

"Wanda ya ji tsoro kada yara su rasa uwa. Ba daga nesa yake ba. Yana shiga gidan nan. Yana cin tuwon gidan nan."

Sai tuwo ya sarƙe maigidan. Tari yake, idanu sun yi ja, miyar kuka har ta hanci. Ba wanda ya motsa. Inna ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ta juya ta bi yaran da ido ɗaya bayan ɗaya, tun daga babbar har ta goye. Sannan ta dube ni. Ita ce ta zo ta yi min wankan jegon ƙarshe, ta ga yadda aka dawo da ni daga asibiti fari fat kamar toka, ita ta riƙa ɗaga ni in zan tashi.

Abin da ta ce kawai shi ne, "Ba shi ruwa, kada ya mutu mana a kan tuwo."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ina jin ta tana kwance igiyar jaka.

Litinin da safe ta fito da ƙullin kayanta ita kaɗai. Maigidan zai kai ta tasha kafin ya wuce Maitama, yana tsaye a ƙofa ya ƙi yarda su haɗa ido. Na durƙusa ina mata Allah ya kiyaye hanya, sai ta kamo dantsena na hagu, daidai wurin, ta ɗan danna.

"Wanga jifa, in ya gama abin da ya kawo shi, a cire. Ban ce gobe ba." Ta saki. "Tukunyar zoɓon nan kuma ki tada ta, mutane na ta zuwa suna komawa."

Ta juya wurin ɗanta. "Kai kuma, ruwa da murhun nan, kada in ji an fasa. Ciwon zafi ne, tun farko na faɗa."

Ya ce, "To, Inna."

A makon na koma asibiti, nas ta ba ni wasu ƙwayoyi, bayan 'yan watanni baƙon ya koyi zuwa a kan ƙa'ida. Mama ta ce don na daina ɗaukar jarka ne. Mai maganin Gudu, da Mama ta kai masa labari, ya ce ai sassaƙensa ba ya ƙarya. A ƙauye kuwa Inna ta gaya wa kowa zafin Abuja ne ya taɓa ni, ita ta gano shi, ita ta kashe shi. Har ta koma ga Allah ba ta sake ɗaga min maganar jifa ba, ni ma ban ɗaga ba. Na biyar ɗinmu sai da ta huɗun ta shiga makaranta ya zo, Inna ta goya shi ba ta ce ya makara ba.

Abu ɗaya ne dai ya tsaya min a rai. Bayan wasu shekaru, mun riga mun bar gidan Mama, sai ga matar ƙanen maigidan daga ƙauye, ta rame, da goyo a baya da wani a hannu da wani riƙe da zanenta. Na ce lafiya? Ta ce Inna ce ta sa ta a mota, ta ce ta zo wurin yayarta, wato ni, ta huta, wai na san inda masu maganin zafi suke a Abuja. Kuma wai ta ce a gaya min, a duba mata dantse da kyau.

Maigidan har yau rantsuwa yake Inna ba ta gane komai ba, tsohuwar ƙauye ce, maganar Mama ta tsorata ta. Ni na daina musu da shi, gas ɗina dai ban mayar ba. Amma ke da kika ji komai daga farko, gaya min tsakaninki da Allah: a tsakar gidan nan, ranar da tuwo ya sarƙe shi, wa ya yi wa wani wayo?